Gulbin Maradi Jiya da Yau: Tarihin Ruwanmu da Awonsa

Ga darasin tarihi da aka karanta muku a rediyo, an buga shi a takarda don ku karanta da kanku. Ku bi shi sannu a hankali. In wata kalma ta yi muku wuya, ku tsaya ku sake ta, ko ku tambayi malaminku.

Yau za mu yi magana a kan gulbinmu, Gulbin Maradi. Za mu ji inda ya fito, da abin da ya yi wa kakanninmu, da abin da ya same shi tun da aka gina madatsar ruwa a Jibiya. Madatsar ruwa ita ce muke kira baraji. Za mu kuma ji dalilin da ya sa ake auna ruwan gulbi ana rubutawa, da yadda wanda ya koyi karatu jiya jiya zai iya sa hannu cikin wannan aiki.

1. Inda gulbi ya fito da inda ya nufa

Gulbin Maradi ba a ƙasar Nijar yake farawa ba. Yana tasowa daga ƙasar Katsina, cikin Nijeriya. A can ana kiran shi Gada. Yana bi ta Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Nyelwa, ya wuce Madarumfa, ya wuce Jiratawa, ya biyo ta gindin birnin Maradi, ya wuce Tibiri da Gidan Rumji. Daga nan sai ya karkata, ya sake komawa Nijeriya ta ƙasar Sabon Birni, ya haɗu da Gulbin Rima. Rima ta kai ruwan Sakkwato, daga can kuma ya gangara zuwa babban kogin Kwara, wanda ya ratsa Yamai.

Ku lura da wannan da kyau. Kan gulbi yana Nijeriya, cikinsa yana Nijar, wutsiyarsa tana Nijeriya. Abin da mutanen Jibiya suka yi da ruwa, mu ne za mu gani. Abin da mu muka yi da shi, mutanen Sabon Birni ne za su gani.

Gulbinmu ba ya gudu shekara duka. Da damina yake kawo ruwa. Da rani kuwa sai rairayi, har yara su yi wasa a cikinsa. Amma in ka tona rairayin nan za ka tarar da laima, in ka ƙara tonawa ka tarar da ruwa. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ke nan gulbi biyu gare mu. Akwai na sama wanda ido ke gani da damina, akwai na ƙasa wanda rijiyoyi ke sha da rani. Na sama shi ke ciyar da na ƙasa.

2. Gulbi ya kafa garuruwa, gulbi ya tada gari

A shekarar 1807 mutanen jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina. Sarakunan Katsina na da suka fito suka yi arewa. Wajen 1819 Sarki Ɗan Kasawa ya zauna a Maradi. Me ya sa aka zaɓi nan? Saboda fadama. A zamanin nan kwarin gulbi kurmi ne mai duhu, da manyan itatuwa da sarƙaƙƙiya. Mahayan doki ba sa iya ratsa shi da sauƙi. Ga ruwa kusa, ga ƙasa mai albarka, ga wurin ɓuya.

Haka Gobirawa suka yi. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tibiri a bakin wannan gulbi, kusa da ƴan'uwansa Katsinawan Maradi. Garuruwan nan biyu, gulbi ɗaya ya raine su.

Tsohon garin Maradi a cikin kwari yake, kusa da ruwa. A shekarar 1945, zamanin mulkin Faransa, gulbi ya kawo ruwa mai yawan gaske. Ya shiga gari, ya rushe gidaje masu yawa. Bayan haka aka tashi garin aka mai da shi bisa tudu, aka yanka masa tituna miƙaƙƙu. Wannan ne Maradin da muka sani yau. In kun ga titunan tsakiyar gari sun miƙe sun gicciye juna, to ambaliyar 1945 ce sanadi.

Tsofaffi sun riƙe labarin wannan shekara. Amma in ka tambaye su mita nawa ruwan ya hau, wani zai nuna maka ƙirjinsa, wani ya nuna maka reshen itace, itacen kuwa an sare shi tuni. Kai yana mantuwa. Takarda ba ta mantuwa.

3. Aikin da ambaliya ke yi wa fadama

In an ce ambaliya, sai mu tuna da ɓarna. Gaskiya ne tana ɓarna in ta yi yawa. Amma ambaliya madaidaiciya ita ce ran fadama. Ga ayyuka huɗu da take yi.

Na ɗaya, tana kawo taki. Jan ruwan nan da kuke gani yana ɗauke da laka. In ya malala bisa gonaki ya kwanta, sai lakar ta zauna. Shi ya sa kakanninmu suka yi ta noman dawa da taba da rogo da dankali a fadama shekara da shekaru ba tare da takin zamani ba.

Na biyu, tana cika rijiyoyi. Ruwan da ya kwanta kwana da kwanaki yana tsotsewa cikin rairayi ya sauka ƙasa. Ruwan da ya wuce da gudu cikin kwana biyu ba ya samun zarafin sauka sosai. Saboda haka yawan kwanakin da gulbi ya yi yana gudu abu ne mai muhimmanci ƙwarai.

Na uku, tana haifar da kifi. Tarwaɗa tana jiran sabon ruwa ya hau cikin ciyawa, sannan ta bi shi ta zuba ƙwai. Ƴaƴan kifi suna girma cikin ciyawar nan, inda abinci yake da yawa. Gaiwa kuwa tana shiga cikin taɓo ta kwanta duk rani, sai ruwa ya dawo ta fito. In shekara ta wuce ruwa bai hau ba, masunta za su gane a cikin komarsu.

Na huɗu, tana shayar da itatuwa da ciyawa. Giyayya da kanya da tsamiya da gawo, da mangwaron garka, duk saiwarsu ruwan ƙasa take nema. In ruwan ya yi nisa, sai itace ya fara bushewa daga sama. Makiyaya kuma su rasa ɗanyar ciyawar da dabbobi ke ci bayan kaka.

Tafkin Madarumfa yana cikin wannan lissafi. Gulbin Gabi yana zuba a cikinsa, yana kuma maƙwabtaka da Gulbin Maradi. Masunta suna ci da shi, tsuntsaye suna sauka a kansa, ga kushewun waliyyai 99 kewaye da shi, inda jama'a ke zuwa ziyara. Ran tafki yana hannun ruwan da ke shigo masa kowace damina.

4. Yadda aka fara awo

Tun cikin shekarun 1950, kafin Nijar ta sami mulkin kai a 1960, masanan ruwa na wata hukumar bincike ta Faransa mai suna ORSTOM suka fara auna gulaben ƙasar nan. A Gulbin Maradi an kafa wuraren awo a Nyelwa, da gadar Madarumfa, da Gidan Rumji. Daga baya aikin ya koma hannun ma'aikatar ruwa ta ƙasa.

Yaya ake awon? Ana kafa wani ƙarfe a tsaye a bakin gulbi ko a jikin gada. An rubuta lambobi a jikinsa. Kowace mita an raba ta gida 100, kowane gida sunansa santimita. Sai a sami mutum ɗaya na garin wanda ya iya karatu. Kullum safe da yamma ya je ya duba inda ruwa ya tsaya, ya rubuta lambar da ranar cikin kaye. Aikinsa ke nan.

Tsawon ruwa kaɗai ba ya faɗin yawansa. Don haka ma'aikata sukan zo lokaci lokaci su auna faɗin gulbi, da zurfinsa, da saurin gudunsa, da wata ƴar na'ura mai farfela wadda ruwa ke juyawa. In sun haɗa awonsu da lambobin mai kaye, sai su san yawan ruwan da ya wuce a rana, da wata, da shekara.

Ku dubi hikimar jera wuraren nan uku. Nyelwa tana faɗin ruwan da ya shigo mana daga Nijeriya. Gidan Rumji tana faɗin wanda ya kusa fita. In an debe na biyu daga na farko, aka yi lissafin abin da ƙoramu suka ƙara a tsakani, sai a gane abin da fadamarmu ta sha. Duk wannan babban ilmi a kan kayen mutumin ƙauye ya tsaya.

5. Shekarun fari da aikin Jiratawa

Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwan sama ya ja baya a ƙasashen Sahel duka. Aka yi babban fari a 1973. Aka sake yin wani a 1984, wanda mutanen nan suka sa wa suna El Buhari, don ya zo daidai da lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a nan Maradi, zamanin shugaba Seyni Kunce, a kan yaƙi da hamada.

Fari ya koya wa gwamnatoci cewa dogara ga damina kaɗai akwai hatsari. Kowace ƙasa ta shiga neman hanyar noman rani. A Nijar aka kafa hukumar ONAHA a 1978 don ta kula da manyan filayen ban-ruwa. A 1982 aka buɗe filin Jiratawa, kudu da Maradi, mai faɗin hekta sama da 500.

Filin Jiratawa ba shi da baraji. Da foraji yake aiki. Injina suna jawo ruwa daga ƙarƙashin fadama, su zuba shi cikin magudanai, ya bi ya shiga gonaki. Da wannan ruwa aka noma alkama da auduga da dawa, da albasa da tattasai, da zogalen da ya yi suna har Yamai. Gidaje da yawa da shi suke ci, da shi suke aurar da ɗiyansu.

To ruwan da foraji ke jawowa, daga ina yake zuwa? Mafi yawansa daga gulbi da ruwan sama da suka tsotse cikin rairayi. Kamar rumbu ne. Damina tana zubawa, rani ana ɗiba. In ɗiba ta fi zubi, kowa ya san ƙarshen rumbu.

6. Barajin Jibiya

Nijeriya ita ma fari ya taɓa ta, ita ma ta nemi mafita. A ƙarshen shekarun 1980 ta gina baraji a kan Gada, kusa da garin Jibiya, wajen kilomita 50 kudu da Maradi. Bango ne na ƙasa, tsawonsa ya wuce kilomita 3. An yi shi don ya riƙe ruwa kimanin mita dunƙulalliya miliyan 142.

Bari mu fassara wannan lamba. Mita dunƙulalliya ɗaya ita ce lita 1000, wato tano biyar irin mai cin lita 200. Ke nan barajin Jibiya in ya cika yana riƙe da tano miliyan 710. An gina shi don noman rani da ruwan sha na mutanen Jibiya da kewaye. Su ma manoma ne kamarmu, Katsinawa ne, da yawa cikinmu muna da dangi a can. Bukatarsu ta gaskiya ce.

Amma ga yadda baraji yake aiki. Ruwan farkon damina, wanda da yake zuwa mana kai tsaye, yanzu sai ya tsaya ya cika tafkin baraji tukuna. Sai ya cika ya tumbatsa, ko an buɗe ƙofa, sannan ya gangaro. Saboda haka ruwa yakan makara, kwanakin gudunsa su ragu. Laka kuma takan kwanta a bayan bango, ba ta iso gonakinmu kamar da ba. A shekarar ruwa da yawa, in tafki ya cika, ruwan yana iya saukowa gaba ɗaya, ya tarar da mutane ba su shirya ba.

Tun daga lokacin manoman Madarumfa da Jiratawa da Maradi da Tibiri suke cewa gulbi ba ya daɗewa yana gudu kamar da, ba ya malala fadama kamar da, rijiyoyin garka kuma sun ƙara zurfi.

A nan sai mu yi adalci, mu yi hankali. Ba dukan ruwan gulbi ke bi ta Jibiya ba, akwai ƙoramu da ke zubowa bayan an wuce baraji. Kuma abubuwa huɗu ne suka haɗu a kan fadama cikin shekarun nan. Akwai ƙarancin ruwan sama na shekarun fari. Akwai baraji. Akwai yawan foraji da ƙananan injinan jan ruwa, ga mutane sun ƙaru, birni ya girma. Akwai kuma saran itatuwa bisa tudu, wanda ya sa rairayi ke gangarowa yana cike gulbi da tafki. Wanne ya fi laifi? Kashi nawa na baraji, kashi nawa namu? Baki ba ya raba wannan gardama. In muka ce baraji ne, na Jibiya zai ce fari ne. Abin da zai raba mu shi ne awo: ruwan sama nawa aka yi, nawa ya wuce Nyelwa kafin baraji, nawa ya wuce bayansa, nawa injina suka ɗiba.

7. Yarjejeniyar Maiduguri

Shugabannin ƙasashen biyu sun san da wannan matsala. Tun 1971 suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Nijeriya, mai mazauni a Yamai. Ran 18 ga watan Yuli 1990, zamanin shugaba Ali Saibu da shugaba Ibrahim Babangida, aka sa hannu a kan wata yarjejeniya a Maiduguri, ta raba ruwa bisa adalci.

Yarjejeniyar ta ambaci ruwaye huɗu da ƙasashen suka yi tarayya a kansu: Magiya, wadda ta ratsa ƙasar Adar da Ƙonni, Gada, wato Gulbin Maradi, Tagwai da El Fadama, da Komadugu Yobe ta wajen Difa. Ta ce kowace ƙasa tana da haƙƙi a cikin ruwan. Ta ce kafin wata ta yi aikin da zai taɓa ruwan, sai ta sanar da ƴar'uwarta. Ta kuma ɗora wa kowace ƙasa nauyin yin awo da miƙa wa hukumar sakamakonsa a kai a kai.

Kun ga har manya sun yarda cewa rabo ba ya yiwuwa sai da mudu. Takardar yarjejeniya tana da kyau, amma ba ta tafiya da ƙafarta. An rufe iyaka a 1984, an rufe a 2019, an rufe a 2023. Duk lokacin da zumunci ya yi sanyi, maganar ruwa takan koma baya. Wanda ya riƙe lissafinsa cikakke, shi ne ke da abin faɗi ranar da aka koma zama.

8. Abin da ya faru ga maƙwabta

Ba mu kaɗai baraji ya taɓa ba. Ga labari uku.

A 1978 aka gama barajin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka yi ta kukan diyya, har a watan Afrilu 1980 aka yi arangama da ƴan sanda, mutane da yawa suka mutu. Amma akwai wasu da ba a ko lissafa da su ba, wato mutanen ƙauyukan da ke ƙasa da baraji. Daga baya wani masani ɗan Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan nan yana tambaya yana aunawa. Ya tarar ambaliya ta ragu, manoma da yawa sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, kifi ya ragu, masunta sun bar sana'a ko sun yi ƙaura. Ba don binciken nan ba, da hasararsu ba ta shiga takarda ba.

A ƙasar Kano aka gina barajin Tiga a 1974, da na Chalawa a 1992. Ruwansu shi ke zuwa fadamar Haɗeja da Nguru, ya wuce ya zama Komadugu Yobe, wadda manoman tattasai na Difa ke sha. Daga 1987 aka fara auna faɗin ambaliyar fadamar nan, har da jirgin sama, ana ƙidaya tsuntsaye. Masana suka lissafa shinkafa da kifi da itace da kiwo da fadama ke bayarwa. Suka tarar ruwan da aka bari ya malala fadama ya fi kawo amfani bisa wanda aka tare don manyan filayen ban-ruwa. Suka ga kuma wata ciyawa mai suna kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, don an canja lokacin zuwansa da janyewarsa.

Na uku labari ne mai daɗi. A arewacin Kamaru aka gina barajin Maga a 1979 don noman shinkafa. Fadamar Logon ta bushe, makiyaya da masunta suka watse. Bayan an yi awo an tabbatar da ɓarnar, a 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe. Ruwa ya koma wani sashe na fadama. Ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, shanu suka dawo. Ba a rushe baraji ba. Sakin ruwa aka gyara.

Darasin shi ne, baraji yana da ƙofa, ƙofa kuma mutum ke buɗe ta. Ana iya shirya a saki ruwa a lokacin da kifi da gonaki da rijiyoyi ke bukatarsa, a kuma yi wa na ƙasa gargaɗi kafin a saki. Amma sai an san nawa ake bukata, da yaushe.

Awo kuma bai tsaya ga yawan ruwa ba, har da lafiyarsa. Mutanen Tibiri sun san wannan da ciwo. A tsakiyar shekarun 1980 aka haɗa garin da wani foraji mai zurfi. Ruwansa garau ne a ido, amma yana da wani sinadari mai suna fuliyo fiye da kima. Yara da yawa haƙoransu suka ɓaci, ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Sai bayan shekara fiye da goma aka gane sanadin. Wannan ba laifin baraji ba ne. Amma gargaɗi ne gare mu: in ruwan kusa ya yi nisa muka shiga tona mai zurfi, to a gwada ruwan kafin a sha.

9. Aikin mai kaye

Yau akwai taurarin ɗan'adam da ke ɗaukar hoton fadama daga sama. Akwai cibiyar AGRHYMET a Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana bin labarin ruwan sama da gulabe. Akwai malamai da ɗalibai a jami'ar Maradi da ke binciken ruwan ƙasa. Amma tauraro ba ya leƙa rijiyar garkarku, ba ya buɗe komar masunci. Wannan sai ku.

Ɗan'uwa mai karatu, ƴar'uwa mai karatu, kun koyi rubuta rana da wata da lamba. Abin da mai duba ƙarfen Nyelwa ya sani ke nan. Ku sami kaye ɗaya na ajinku ko na ƙungiyarku ta manoma. Ku rubuta a bangonsa: Kayen Gulbi. Ku riƙa rubuta abu biyar.

Na ɗaya: ranar da gulbi ya fara kawo ruwa, da ranar da ya tsaya. In ya yanke ya sake dawowa, ku rubuta.

Na biyu: inda ruwa ya kai. Ku zaɓi abin da ba ya gusawa, kamar ƙafar gada ko babban itace. Ku sa alama bayan ruwa ya janye, ku auna da mita. Kada kowa ya shiga gulbi yana cike don awo. Rai ya fi lamba.

Na uku: zurfin rijiya. Ku zaɓi rijiya ɗaya, kada ku canja ta. Ku sami igiya ku ƙulla ta mita mita, don gabar wani ta fi ta wani tsawo. Ku ɗaura ɗan dutse a bakinta. Ran ɗaya ga kowane wata, da asuba kafin a fara jan ruwa, ku auna daga bakin rijiya zuwa kan ruwa.

Na huɗu: kifi. Ku tambayi masunta irin da suka kama bana, da irin da suka daina gani.

Na biyar: itatuwa da gonaki. Itace nawa ya bushe a fadamarku? Gona nawa ruwa ya hau, nawa rairayi ya binne?

Ku rubuta gaskiya tsantsa. In kun manta wata rana, ku bar wurin fili, kada ku cika da ka. Lambar ƙarya ɗaya tana ɓata kaye duka. Ƙarshen shekara ku karanta wa mai gari da jama'a, ku kwafe ku kai wa ma'aikatan ruwa ko malamin gona, ku ajiye na asali.

Kayen shekara ɗaya ba ya faɗin abu mai yawa. Na shekara biyar ya fara magana. Na shekara ashirin kuwa shaida ne da za a iya ajiyewa gaban kowace hukuma. In Jiratawa ta rubuta, Maradi ta rubuta, Tibiri ta rubuta, aka jera kayen nan uku, za a ga tafiyar ruwa daga kudu zuwa arewa kamar an bi sawunsa. Zai nuna abin da ya kamata mu roƙa daga maƙwabta. Zai nuna kuma inda mu da kanmu ya kamata mu rage ɗiba, mu daina barin ruwa yana zuba banza a magudanai, mu dasa itatuwa a bakin gulbi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. A wace ƙasa Gulbin Maradi yake farawa, a wace ƙasa yake ƙarewa?

2. Me ya faru a Maradi a shekarar 1945?

3. Ku faɗi ayyuka huɗu da ambaliya ke yi wa fadama.

4. Tano nawa ke cikin mita dunƙulalliya 10?

5. Ku tambayi wani tsoho ko wata tsohuwa ta garinku: wata nawa gulbi yake gudu a lokacin ƙuruciyarsu? Ku rubuta amsar, da sunan garin, da ranar da kuka yi tambayar. Wannan shi ne shafin farko na kayenku.

A nan za mu dakata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya mai ɓarna, ya ƙara zumunci tsakaninmu da maƙwabtanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.